Shuɗiya Ta Ce Ƙat

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari a wannan gefen gari ya san Shakwana, wanda bai san shi ba kuwa jiya ya zo duniya. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a kan titi, daga yaron mota har ya kai direban tanka, sannan ya sauka ya koma gyara a tsakar gidansa. Sau uku mota tana kifewa da shi, sau uku yana fitowa da ƙafafunsa. Ta ƙarshen ma daga kan gada ce, har an aika gida a ce su yi haƙuri, sai ga shi ya shigo da takalmi ƙafa ɗaya yana tambaya ko akwai ruwan wanka. Bai taɓa zama a aji ba, lambar motarsa ma da siffa yake gane ta. Amma kawo masa injin da ya gagari masu takarda, zai dafa bakin sukundireba a jikinsa, ya manna kunne a ƙotar, ya gaya maka ciwonsa kamar shi ya haife shi. Kunne ne makarantarsa, kuma bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Wannan ba sai ka tambaye shi ba, shi zai gaya maka, ko da jiya ma ya gaya maka.

To, ranar wata Litinin kunnen nan ya jiyo masa abin da ya kashe masa gwiwa. Ya zauna a cikin Shuɗiya, tsohuwar ƙaramar motarsa, ya yi bismillah, ya murɗa makulli. Ta ce ƙat. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Sai an koma baya kaɗan za a gane abin da wannan ƙat ɗin ya yi masa.

Shakwana yana da mata ɗaya, shekara arba'in da shida suna tare. Bai taɓa kiran sunanta ba, ita ma haka. Ita tana ce masa Direba, shi yana ce mata Tela, don ɗinki ta yi ta yi har idonta ya gaza zura allura. Bara ƙodarta ta daina aiki. Likita ya ce kowace Litinin da Alhamis sai an kai ta wankin ƙoda a babban asibiti, can ƙarshen gari, bayan gadar sama. Shuɗiya ce ke kai ta, har ranar da injin ya buga a tsakiyar hanya. Ko da ma bai buga ba, fetur ya zama abin da ya zama: layi daga gidan mai har kwana biyu, ka isa bakin famfo a ce ya ƙare. Masu motar haya kuma ba sa son shigowa layinsu saboda ramuka. Sau biyu Tela ta rasa wanki. A na biyun ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙyar, sai a bayan motar wani mai kai bulo aka kwantar da ita.

Kwana biyu da faruwar haka Auta ta iso. Ita ce 'yarsu da ta rage kusa, kusan ma tafiyar awa shida ce, malamar makaranta a wani babban birni.

"Baba, ba gardama na zo yi ba," in ji ta. "Inna za ta koma wurina. Asibiti yana bayan gidanmu, da ƙafa ma ana zuwa."

"A benen nan naku? Matar da ko dakalin ƙofa sai na riƙe ta?"

"Za mu ɗauke ta. Nan wa zai ɗauke ta?"

Bai tambayi inda shi zai zauna ba, amma ta amsa masa, idonta a ƙasa. "Ka san ɗaki ɗaya ne da falo, ga yara."

"Wa ya ce miki zan je? Ni da na kwana a ƙarƙashin tanka a daji, sai yanzu in je in kwana a falon suruki?"

Ya faɗa da ƙarfi ne don kada a ji abin da ke ƙasan muryarsa. Ya san yadda wannan ciwo yake. Wadda aka ɗauka da shi zuwa wani gari, ba a cika dawo da ita a zaune ba. Waya za a bugo masa, yana nan shi kaɗai da kujerarta.

"Ki ba ni wata ɗaya," ya ce.

"Ka yi me? Injin ya buga, ko ka gyara ina man?"

Ya ɗaga kai don kada ya dube ta, sai idonsa ya sauka a kan farantan sola da ita Autar ta sa aka kafa musu a rufi saboda fankar Innarta. Bakinsa ya riga tunaninsa, kamar kullum.

"Da hasken rana zan tuƙa ta. Lantarki zan mayar da ita. Turawan da ke yi kai biyu gare su?"

Auta ta dube shi irin duban da ake yi wa mai zazzaɓi. Tela ce ta yi magana daga kan kujerarta. "Ki ba shi. In bai yi ba na bi ki ba musu."

Haka aka tsaya. Auta ta samo wani direban haya da ya yarda zai yi jigilar wata ɗaya, ba ƙari, don ya ce layin nan zai cinye masa ƙafar mota. Ta ce za ta dawo ranar Larabar ƙarshen wata. In Alhamis ta waye Shuɗiya ba ta tafiya, daga asibiti sai birni.

Sai da ta tafi Shakwana ya zauna ya tuna cewa abin da ya sani na lantarki bai wuce canza ƙwan fitila ba.

Amma shi ba mutumin da zai zauna ba ne. A filin mai gwangwan ya samo wata ƙaramar motar ɗaga kaya irin ta cikin sito, ta mutu tana jiran a yanka ta. Da batir take aiki. Ya ba da injin Shuɗiya sukutum, da salansa, da tankin mai, da lagireto, aka ba shi kayan cikinta: injin lantarki, wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin jaki, da wani akwati mai wayoyi, da batura takwas waɗanda mai gwangwan ya rantse suna da sauran rai. Ranar da aka ciro injin Shuɗiya da sarƙa, Shakwana ya juya baya. Shekara ashirin da biyu yana jin muryar injin nan kowace safiya.

Daga nan ya nemo Mai Waya, wani siririn dattijo mai gyaran fanka da injin ban ruwa a bakin titi, tabaransa ɗaure da zare, maganarsa ba ta cika cokali ba. Shi ya ajiye injin lantarkin a ƙasa, ya taɓa masa batir, ya juya fir har ya yi tsalle. Shi ya ce wa akwatin nan ƙwaƙwalwa, ya ce duk wutar da za ta je wa injin sai ta bi ta cikinsa. Shakwana kuwa ya ɗauki aikin ƙarfe. Ya auna bakin giya da kwali, ya kai wa mai walda aka yanko faranti, ya huda ramukansa da hannunsa, ya haɗa sabon injin da tsohuwar giya kai tsaye. Kuloci aka cire shi gaba ɗaya, abin da ya yi masa ciwo kamar an cire masa haƙori. Batura huɗu a gaba inda lagireto yake a da, huɗu a but. Mako uku suna yi daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, Tela tana kallonsu daga inuwar baranda, ƙafafunta a kan bokitin da aka kife.

Matsalar ta zo ne ta bakin Shakwana. Labari ya bazu, mutane suka fara leƙowa. Ran Asabar 'yan kallo suka taru a ƙofa, wani ya tambaya ko Mai Waya ne injiniyan.

"Wannan?" in ji Shakwana. "Ai salatif yake miƙo min. Duk abin da kuke gani daga kan nan ya fito." Ya ƙwanƙwasa goshinsa da sifana.

Aka yi dariya. Mai Waya bai yi ba. Ya ajiye filaya, ya ɗauko gwangwanayen fenti, ya bi bakin wasu wayoyi yana ɗiga musu launi, sannan ya goge hannu.

"Saura wayoyi shida. Na sa musu fenti tunda ba ka karatu. Ja da ja, fari da fari. In ka gama ka cika batura, ka murɗa makulli, sannan ka..."

"Sannan me? Ni za ka koya wa tayar da mota? Ina tayar da mota kana goye a bayan uwarka."

Mai Waya ya gyara tabarau, ya rataya jakarsa. "To, Allah ya ba da sa'a, Injiniya."

Shakwana ya haɗa wayoyin ran Lahadi, ja da ja, fari da fari, ya bar batura suka sha rana har allurar mitar da Mai Waya ya kafa a gaban sitiyari ta kai ƙarshe. Litinin, bayan direban haya ya dawo da Tela daga wanki, ya sa ta zauna ta zama shaida. Ya murɗa makulli. Ƙat.

Kowane direba a duniya ya san wannan ƙarar. In ka murɗa makulli mota ta ce ƙat ta yi shiru, ko batir ya mutu, ko kik ya maƙale. Babu na uku. Shakwana ya ji ta sau dubu, a tasha, a daji, a tsakiyar ruwan sama. Ya sake murɗawa. Ƙat. Ya zauna yana jira ya ji injin ya ɗauki silo, irin gurnanin nan na mota mai rai, ƙafarsa ta dama a ajiye a gefen totur, ba a kansa ba.

Wannan ƙafa tana da tarihi. Yana ɗan shekara sha shida, maigidansa na farko ya kama shi yana taka totur kafin injin ya tashi, mai ya cika kafireto, mota ta shaƙe, fasinja suka yini a tasha. Maigidan bai yi magana ba, sifana mai lamba ashirin da biyu ya ɗora masa a ƙoƙon gwiwa. Har yau in gari ya yi sanyi wurin yana tuna masa. Tun daga ranar, ƙafar Shakwana ba ta taɓa totur sai kunnensa ya ji injin, kuma duk wanda ya koyi mota a hannunsa ya sha wannan karatu.

"Batir ne," ya ce wa Tela. "Ƙaramin abu."

Ya kwance kan batura takwas ɗin, ya kankare su da wuƙa, ya wanke da ruwan zafi, ya ɗaure. Ƙat. Ya ɗauko guduma ya bubbuga jikin injin lantarkin yadda ake yi wa kik in ya maƙale. Ƙat. Ya dafa sukundireba, ya manna kunne. Babu abin da ya ji sai bugun jininsa.

Talata ya kwance wayoyin duka ya sake haɗawa, ko fentin ya ruɗe shi. Garin sauri sifana ta kwanta a kan batura biyu, wuta ta yi tartsatsi, bakin sifanar ya narke, tafin hannunsa ya tashi. Ya naɗe da tsumma ya ci gaba. Kafin la'asar ya murɗa makullin nan ya fi sau ɗari. 'Yan kallon ƙofa suka fara raguwa, waɗanda suka rage kuma ba kallon mota suke yi ba. Ya ji wani yana cewa, "Tsohon nan ya sayar da injin lafiyayye ya sayo turmi." Injin ba lafiyayye ba ne, amma bai da ƙarfin da zai fita ya gyara masa zance.

Laraba da safe ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Ya sa hula ya tafi ba da haƙuri. Duk hanya yana shirya kalmomin da zai faɗa wa Mai Waya. Ya tarar da shagon Mai Waya a kulle. Mai faci na kusa ya ce ai tun Lahadi aka zo aka ɗauke shi gyaran injinan rijiya a ƙauyuka, sai bayan mako guda, kuma can waya ba ta shiga. Shakwana ya sa aka buga masa lambar sau biyar. Wata mata ce kawai ke amsawa daga cikin wayar, tana cewa a sake gwadawa.

Daga nan ya zarce filin mai gwangwan da ƙafa. Ya yanke shawara: a ba shi injinsa, ko a buge ne, zai kwana a kansa, zai yi layin mai ko na mako ne.

"Wane injin, Baba?" in ji mai gwangwan. "Tun wancan makon aka farfasa shi. Ga abin da ya rage." Ya nuna masa murfin filogi a cikin tarin ƙarafa.

Shakwana ya tsaya yana kallon murfin. Shi ya yi masa fentin ja da hannunsa. Mutumin da ya faɗo daga gada bai zauna ba, ranar sai da ya nemi tsohuwar taya ya zauna.

Ya dawo gida da rana tsaka, ya shiga motar ba don yana sa rai ba, ya murɗa. Ƙat.

"Direba," in ji Tela daga baranda. "Ni fa kamar na san ƙarar nan."

"Ina kika san ta?"

"Keken ɗinkina na lantarki, wanda na sayar. In na danna..."

"Tela, don Allah. Mota ce a gabana, ba buje nake ɗinkawa ba."

Bai taɓa yi mata magana da irin wannan murya ba tun da ta kwanta ciwo, kuma ya sani. Kafin ya san yadda zai gyara, aka turo ƙofa. Auta ce, da akwatuna biyu babu komai a ciki.

Ba ta yi masa gori ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta dubi hannunsa, ta kwance tsumman, ta wanke ƙunar ta sa magani. "Ka yi ƙoƙari, Baba," ta ce. Sannan ta shiga ɗaki. Yana zaune a tsakar gida yana jin ƙarar durowa ana buɗewa ana rufewa. Ya ji Auta tana tambaya ko a ɗauki bargon nan mai nauyi, ya ji Tela ta ce a bar wa Direba, shi ne mai jin sanyi a gwiwa.

Alhamis ƙarfe bakwai da rabi direban haya ya yi hon a ƙofa. Ƙarfe tara ake ɗora Tela a kan na'ura, wanda ya makara kuma a ba wani gurbinsa, don masu jira sun fi na'urorin yawa. Aka fitar da akwatuna. Auta ta riƙo Innarta, tana dogara sanda, har suka zo daidai Shuɗiya. Nan Tela ta tsaya.

"Buɗe min. Sai na zauna na yi mata sallama."

"Inna, lokaci."

"Motar nan ita ta kai ki makaranta ranar da kika fara koyarwa. Minti biyu."

Aka zaunar da ita a gaba. Ta dubi mijinta da ke tsaye ya juya fuska wajen katanga. "Direba, haka ake yi? Fasinja a ciki, kai a waje?"

Ya shigo ya zauna.

"Murɗa."

"Tela, me za..."

"Murɗa, na ce."

Ƙat.

"Sa giya."

Ya juyo ya dube ta. Fuskarta ta ɗan kumbura kamar yadda take yi duk ranar wanki, amma idon nan na mai zura allura yana nan.

"Shekara arba'in da shida ban taɓa sa maka baki a mota ba," ta ce. "Ko ranar da ka ɓatar da mu ka ce hanyar ce ta canza wuri. Yau ɗaya ka yi abin da na ce. Sa giya, ka sauke birkin hannu."

Ya sa giya ta biyu. Ya sauke birkin.

"Taka."

"Ba a taka totur injin bai tashi ba. Shaƙewa za ta yi."

"Da me za ta shaƙe? Akwai mai a cikinta?"

Maganar ta shige shi kamar ruwan sanyi. Babu mai. Babu kafireto, shi da kansa ya ba mai gwangwan.

"Kekena in na danna makunni, ƙat yake cewa, ya yi shiru," in ji Tela. "Ko yini zan yi ina kallonsa ba zai motsa ba sai na taka. Shirun nan ba mutuwa ba ce, jira yake."

Ya dubi ƙafarsa. Ya ce mata ta tashi, ta ƙi. Ba sifanar maigidansa kaɗai ta riƙe ta ba. Muddin bai taka ba akwai sauran abu ɗaya da bai gwada ba. In ya taka motar ba ta motsa ba, shi ke nan, sai akwatuna da hon ɗin da ke ƙofa.

"Ba zan iya ba, Tela," ya ce, a hankali yadda Auta ba za ta ji ba. Bai taɓa faɗa wa wani mahaluki wannan kalma ba.

Ta ɗaga sandarta, ta zura ta ta gefen giya, ta lalubi totur da bakinta, ta danna da duk ƙarfin da ya rage mata.

Shuɗiya ta yi tsalle. Ba gurnani, ba hayaƙi, kawai katanga ce ta taho. Ta ture durom ɗin ruwa, ta taka bokitin da Tela ke ɗora ƙafa, Auta ta ƙwalla ihu. Shakwana ya haye birki da ƙafa biyu, ya ji shi da tauri kamar dutse, suka tsaya saura taki ɗaya su shiga baranda. Ruwa yana malala a tsakar gida. Tela tana dariya tana tari.

"Tun Litinin," in ji Shakwana. "Tun Litinin a tashe take."

Auta ta leƙo ta taga, hannu a ƙirji. "Kun kusa kashe ni! Baba, tsakar gida ba hanyar asibiti ba ce. Saura awa ɗaya da kwata, ga gada. In ta tsaya muku a hanya fa?"

"Ai ga ɗan haya nan," in ji Tela. "Ya biyo mu a baya da akwatunan. In ta tsaya, ki ɗauke ni, ba zan ce uffan ba. In ta kai, kin san sauran."

Auta ta dubi agogo, ta dubi uban, ta buɗe ƙofar baya ta shiga.

Da ƙafarsa ya taka wannan karon. Suka fita layi a hankali, nauyin batura yana sa gindin motar gogar bakin kowane rami. Ba wanda ya kauce musu, don ba wanda ya ji zuwansu. Sai da ya leƙa ya daka wa wani mai tura baro tsawa. A kan kwalta ta ɗan saki jiki, amma gudunta bai wuce na mai keke da ke sauri ba. Manyan motoci suna wuce su suna zagi. Shakwana, wanda a zamaninsa ba a wuce shi, bai ko juya ba. Idonsa ɗaya a titi, ɗaya a allurar mita, wadda ta fara sauka tun kafin su kai kasuwa. Kunnensa kuma yana ta lalube a cikin shirun, har ya kamo wani siririn kuka daga gaba, kamar na sauro. In ya taka ya ƙaru, in ya saki ya ragu. Ya riƙe wannan kukan bai sake shi ba.

A gindin gada ya tsaya cak ya mayar da ita giya ta ɗaya, tunda babu kulocin da zai canza a kan tafiya. Tara saura minti ashirin. Suka fara hawa. Kukan sauron ya yi kauri, allura ta nutse ƙasa, wani ɗumi mai warin waya ya fara shigowa. A tsakiyar hawan motar ta rage har mai tafiya da ƙafa zai iya jerawa da su. A madubi yana ganin motar haya manne da su, akwatuna biyu a kujerar baya.

"Baba..." in ji Auta.

"Yi shiru, ina ji."

Ya ɗan sassauta ƙafa maimakon ya ƙara, don kunnen ya gaya masa kukan ya kai iyakarsa. Ta ja, ta ja, kamar tsohuwa da tulu. Sai gaban motar ya sunkuya, rufin asibiti ya bayyana a ƙasa, allura ta ɗago kai. Tela ta saki hannun rigarsa da ta damƙe tun daga ƙasa.

Tara saura minti shida aka ɗora ta a keken marasa lafiya. Direban haya ya fito yana tambayar Auta ko ya jira a gama a kama hanyar birni.

"Mayar da akwatunan gida," ta ce. Sannan ta juyo. "Baba, ranar da ta makara, ko sau ɗaya ne, ba zan yi shawara da kowa ba. Kuma ka je ka ba mai wayar nan haƙuri, ya duba warin nan."

"Shi zai zo da kansa in ya ji labari."

"Baba."

"Na ji."

Suka shige. Ya gyara fakin a inda inuwa take, ya kashe, ya zauna yana danna gwiwarsa da hannun da bai ƙone ba. Sandar Tela tana jingine a kujerarta. Mai gadin asibiti ya zagayo, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya leƙa ta taga.

"Baba, turo ta aka yi? Ban ji shigowarku ba."

Shakwana ya gyara zama, ya tura hula gaba. "Turo wa? Lantarki ce. Ni na haɗa ta da hannun nan, a tsakar gidana, ban taɓa shiga aji ba. Injiniyoyi sun zo sun gani sun..." Idonsa ya faɗa kan sandar. Ya yi gyaran murya. "Da wani mai waya. Da kuma wata tela."

"Tela? Ta ɗinka kujerun?"

"Ta tayar da ita."

Mai gadi ya tafi yana girgiza kai. Shakwana ya murɗa makulli, ta ce ƙat, ya duba allura. Ta wuce rabi da kaɗan, kaɗan ƙwarai, kuma gadar tana nan tana jiran su a komawa. Ya kashe da sauri don kada ya ɓata ko ɗigo, ya fita ya buɗe gaban motar ta sha iska. Awa huɗu ake yi a wankin. Ya zauna a bakin kwalbati yana lissafa hanyar gida a kansa, rami bayan rami, yana neman inda zai bi ya kauce wa hawa.